Fito a Motar da Ba Ta Ƙara

Ɗan farina yana da wata goma sa'ad da abin nan ya faru. Yanzu ya shiga shekara ta huɗu, ga shi can a tsakar gida yana korar 'yan tsaki da kara. Kowa ya manta, ni kaɗai ce ban manta ba. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma zan rubuta yadda na iya, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

A gidanmu, da gidan da aka kai ni aure a wani ƙauye kusa da Guri, ba a nuna ɗan fari. Asalinmu duka masu shanu ne, ko da yake yanzu shinkafa muke nomawa a fadama, shanun 'yan kaɗan suka rage. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi, ba ita ke ɗaga shi ba matuƙar akwai babba a wurin. A gaban surukai kuwa sai ki yi kamar ɗan maƙwabta aka ba ki riƙo. Na tashi na ga mahaifiyata tana ce wa babban yayanmu "wancan", ban taɓa ganin aibun abin ba. Da na haihu ni ma na ɗauka, har ma na fi ta tsanantawa, don ina tsoron a ce 'yar zamani ce, ba ta da kunya.

Wuri biyu nake samun ɗana. Ɗaya cikin ɗaki in na saki labule. Ɗayan kuma motar kasuwa. Motocin da ke ɗaukarmu zuwa Haɗeja tsofaffi ne, an ɗaure ƙofa da igiya, kwandunan busasshen kifi a baya, inji yana ruri, kowane ƙarfe yana kukansa daban. A cikinsu ko wadda ke jikinki sai ta ɗaga murya kafin ki ji ta. To, nan nake sunkuyar da kai cikin mayafi, in sa bakina a kunnensa, in kira sunansa, in tambaye shi ko yana jin yunwa, in yi masa 'yar waƙa. Ko surukata na gefe ba ta ji. Ban taɓa tunanin ƙarar nan wata ni'ima ce ba sai ranar da na rasa ta.

Ƙarshen damina ne, ruwa bai gama janyewa daga gonaki ba, ƙasan ɗakuna duk danshi. Ƙanwar mijina ta haihu a Kafin Hausa, za a yi suna. Yaron nawa kuwa kwana uku ke nan yana mura, jikinsa da ɗan ɗumi. Na ba shi maganin zazzaɓi na ruwa da aka sayo a kemis. Da safen ranar mijina, yana shirin tafiya gona don tsuntsaye sun sa shinkafa gaba, ya taɓa goshin yaron ya ce, "Anya ba za ki haƙura da tafiyar nan ba?"

Na ce, "Mura ce kawai. Ya ma sha nono."

Ya sha, amma kaɗan, ban faɗi wannan ba. Gaskiyar magana ina son zuwa. Na ɗinka sabuwar atamfa, na yi lalle, rabona da fita gari tun kafin ruwa ya sauka. Wannan shi ne laifina na farko, kuma shi ne ƙarami.

Ƙanin mijina ne zai kai mu. Harkar motoci yake yi a Kano, duk zuwan da zai yi da wata motar daban yake zuwa. Wannan karon ya zo da wata doguwa mai ruwan toka, wai washegari zai kai wa mai saye. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar yadda aka saba da ƙanin miji. Yana ganina ya ce, "Iye, matar Yaya! Wannan kwalliya haka, ke ce mai jegon ko kuwa? Ki karkaɗe ƙafa tukuna, motar nan ba ta san taɓo ba."

Na ce, "Kai da ka girma cikin taɓon fa?"

Daga nan bakina ya mutu, don Baba, mahaifinsu, ya fito da carbinsa ya shiga gaba. Inna, surukata, ta miƙo hannu ta zare yaron daga bayana kamar yadda ta saba. "Kawo mini maigidana," in ji ta. "Miji ba cefane, sai majina." Ta lulluɓe shi da mayafinta, ta kwantar da shi a cinya. Muka zauna a baya, ita a dama ni a hagu.

Da aka rufe ƙofofi na zaci ba a tayar da motar ba, sai na ga katangar gidanmu tana tafiya baya. Kunnuwana suka yi ɗum, kamar lokacin da muke yara in mun nutsa a kogi. Na haɗiyi yawu don su buɗe, ba su buɗe ba. Ina jin ƙwas ɗin goro a bakin Inna. Ina jin 'ya'yan carbin Baba suna taɓa juna ɗaya bayan ɗaya. Har motsin sabuwar atamfata ina ji, sai na daina motsi.

Baba ya ce, "Kai, wannan da inji a cikinta kuwa?"

Abin da ƙanin mijina yake jira ke nan. Ya nuna rufin motar da yatsa. "Baba, kun ga 'yan hujojin nan a sama? Akwai a kanku, akwai a kan su Inna. Kunnuwa ne, makirfo ƙanana. Suna sauraren rurin inji da gurnanin taya a kan hanya, su kai wa kwamfutar motar. Ita kuma nan take ta sa lasifikokin da ke jikin ƙofa su fitar da wata ƙara akasin waccan. In waccan ta tura iska gaba, wannan ta ja ta baya. Kafin su iso kunnenku sun kashe juna."

"Wato yanzu haka lasifikar tana aiki?"

"Tana aiki, Baba. Shirun nan da kuke ji, yin sa ake yi."

Baba ya jinjina kai ya ce ikon Allah. Ni kuwa na tuna yadda in kwalekwale biyu suka gifta juna, igiyar ruwan wannan ta haɗu da ta wancan, akan sami wani wuri a tsakani da yake kwantawa lumui na ɗan lokaci. Na so in faɗa, amma ba wurin maganata ba ne.

Inna ta ce, "To in na zage ka fa, za ta haɗiye?"

"Ina! Zaginki ya fi ƙarfinta, Inna. Ƙara mai kauri kawai take ci, irin ta inji. Muryar mutum da siririyar ƙara ba ta iya musu komai, sai ma su fito tas."

Suka yi dariya. Dariyar na lafawa na ji shi.

Wani ɗan fito ne siriri, kamar iska na bi ta tsagar kara. Ya zo, ya tafi, ya zo, ya tafi, da sauri da sauri, a ƙarshen kowanne kuma ɗan nishi. Daga ƙarƙashin mayafin Inna yake fitowa. A gida ban ji shi ba. A gida akwai injin casar maƙwabta, akwai awaki, akwai rediyon mijina. Ko kuma dai na ji ban so in ji ba, wannan har yau ban raba ba.

Na saci kallo ta gefen ido. Mayafin ya ɗan zame, rigarsa ta tattare. Duk numfashin da zai ja, sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki kamar ana danna shi da babban yatsa. Na gwada in bi numfashinsa da nawa, kafin in ja ɗaya ya ja uku. Inna ba ta ji, kunnenta ya yi nauyi tun shekarun baya, ga shi sanyin motar ya fara sa ta gyangyaɗi.

A motar kasuwa da tuni na sunkuya, na sa kunne a ƙirjinsa, na raɗa wa Inna ba tare da kowa ya sani ba. A nan kuwa ko numfashi na sauke Baba zai ji. Na daɗe ina juya maganar a baki, muna wuce ciyawar kacalla da ta cinye bakin hanya, da masunta a kan gorunansu cikin ruwa. Can na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ko ku kawo shi, kada ƙafarku ta sage."

Kamar na yi shela. Ƙanin mijina ya kalle ni ta madubi. "La ilaha! Baba, kun ji? Yau matar Yaya ta tuna tana da ɗa! A bakin wa za mu ji wannan labari?"

Inna ta buɗe ido ta ce, "Ƙyale ta. Ƙafata ƙalau, 'yar nan. Goma na raina a cinyar nan."

Baba ya yi gyaran murya. Na ji fuskata ta ɗauki zafi. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na juya ga gilas.

Mun hau kwalta ke nan sai ƙanin mijina ya karkata kai. "Wai ni kaɗai nake jin wani fito?" Ya danna maɓallan gilasai, ya sauke su kaɗan ya mayar. Ya saurara. "Ga shi nan kuma. Wallahi robar ƙofa ce take shan iska. Mai sayen nan kunne gare shi kamar zomo, in ya ji wannan gobe sai ya ce motar ta taɓa haɗari." Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya fita ya zagayo, ya buɗe ƙofar Inna, ya bi robar da yatsa, ya rufe da ƙarfi. Ya zo tawa ya yi haka. Yana tsaye a kaina, ya ce, "Matar Yaya, ke da kunnenki yake sabo, ta wane gefe kike jin sa?"

Tambayata aka yi. Ba sai na nemi hanyar fara magana ba, an buɗe mini ita. Kalma uku ce kawai: yaron ne, duba. Na dubi ƙeyar Baba da farar hularsa, na ce, "Ban ji komai ba."

Na sha faɗa wa kaina cewa yarinya ce ni a lokacin, shekarata goma sha tara, haka kuma aka tarbiyyantar da ni. Duk gaskiya ne. Amma na san abin da na ji, na kuma san abin da na faɗa.

Ya koma ya tayar, yana mita a kan masu gyaran ƙofa. Ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, Baba ya ce a kashe, yana lazimi. Shirun ya dawo, fiton ya dawo.

Muka shiga Haɗeja da hantsi. Hanyarmu ta bi ta gaban asibiti. Na ga ƙofar, na ga mata da goyo suna shiga, masu sayar da lemo da ayaba a bakin katanga. Wata babbar mota ta tare hanya, muka tsaya cik daidai wurin. Ƙanin mijina ya ce, "Akwai mai buƙatar wani abu kafin mu fita gari?"

Inna ta ce a sayi ayaba a kai wa mai jego. Ya sauke gilas. Hayaniyar gari ta afko ciki gaba ɗaya, babura, oda, masu talla, wani yana gwada lasifika a shago. Fiton ya ɓace a cikinta. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, daɗi na ji. Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina, wataƙila dai motar ce, wataƙila kunnena ne yake ƙara wa abin gishiri. Ina kallon ƙofar asibiti ina fatan mai ayaba ta daɗe tana neman canji.

Aka ɗaga gilas, muka haye gada, muka miƙi hanyar Kafin Hausa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na ƙirga turakun lantarki, na ɓata, na sake. Na yi duk addu'ar da na iya, a zuci, ba na ko motsa leɓe.

Gidan suna ya cika da mata, ana ta guɗa, ana kwasar tuwo. Inna ta miƙo mini shi a zaure ta ce, "Ungo, ba shi ya sha, baccin ya isa haka." Jikinsa ya yi zafi rau. Na kutsa har wani ɗaki a ƙurya inda aka tara tabarmi, na zauna na ba shi nono. Ya kama ya saki, ya kama ya saki, ba ya iya haɗa tsotso da numfashi. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Ko kuka bai yi ba.

Wata mata ta shigo neman tabarma, babba ce, da tabarau. Daga baya na ji maƙwabciyarsu ce, malamar asibiti ce da ta yi ritaya. Ta ɗauki tabarmar har ta juya, sai ta tsaya. Ta dawo ta ɗaga rigarsa ba tare da ta tambaye ni ba. Ta dubi agogon hannunta tana motsa baki. Ta buɗe leɓensa ta duba.

"Ke ce uwarsa?"

Ko wannan sai da na yi jim kafin na ɗaga kai.

"Tun yaushe yake numfashi haka?"

Na ce, "Yanzu na lura."

Ta dube ni ta saman tabarau, kallon da ya daɗe. Ba ta ce ƙarya nake yi ba. Ta fita tsakar gida ta ɗaga murya ta fi masu guɗa: "Ina mai motar da ya kawo su? A juya da yaron nan Haɗeja yanzun nan, ba a jima ba!"

A motar nan dai muka koma. Baba ya zauna a wurin suna, Inna ta shiga gaba, aka bar ni da shi a baya. Ba wanda ya yi wasa. Mun yi nisa kaɗan na ga ƙanin mijina ya karkata kai kamar ɗazu. Ya saurara. Ya kalle ni ta madubi, na kalle shi. Ya ce, "Innalillahi." Ya taka mota. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, amma tun daga ranar wasan da ke tsakaninmu ya ragu. Yana gaishe ni da ladabi kamar wata babbar yaya, ni kuwa da zagi ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

A asibiti suka ce limoniya ce, ciwon huhu. Suka sa masa robar iska a hanci, suka nemi jijiya a hannu ba su samu ba sai a ƙafa. Likitan, wani siriri mai saurin magana, ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Bai tambayi wanda ya yi jinkirin ba. Mijina ya iso da la'asar a kan babur, taɓo har gwiwa. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon robar. Na jira ya ce, ba na ce ki haƙura ba? Bai ce ba. Ya ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Kwana shida muka yi. A na uku ya kama nono ya riƙe. A na biyar ya fizge robar da kansa, nas ta yi dariya ta ce wannan ya warke, ya fara rashin ji.

Bayan mun koma gida da kamar mako biyu, na kasa riƙewa. Inna tana tsinke zogale a inuwar rumbu, na zauna ina taya ta. Na ce, "Inna, akwai abin da nake so in gaya muku. Ranar nan a mota, na ji numfashinsa tun kafin mu hau kwalta. Fiton da ake nema, na san shi ne. Na yi shiru."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ina so ta yi mini faɗa. Ta daina tsinka, ta dube ni, sai na ga fuskarta ta saki.

"Allah sarki, 'yar nan. Saboda Malam yana gaba?"

Na ce e.

"Kai, madalla da uwar da ta haife ki. Yanzu ina ake samun irinku? Allah ya yi miki albarka. Ai rai a hannun Allah yake, ga shi ya tashi."

Kafin sati ya zagayo labarin ya gama ƙauye. Duk matar da ta shigo barka da arziki sai Inna ta ba ta: ɗanta na fari yana numfashi da ƙyar a gabanta, amma don kunyar surukinta ko uffan ba ta ce ba. Mata suna riƙe haɓa suna cewa tarbiyya ke nan. Wata ta kawo 'yarta da za a kai ɗaki ta ce ta zauna kusa da ni ta koya. Na shiga bayan gida na yi amai.

Mijina ma a bakin mutane ya ji. Ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, "Da gaske ne kin ji tun a hanya?" Na ce da gaske ne. Ya ce, "Kuka wuce ta ƙofar asibiti?" Na ce har tsayawa muka yi. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya tashi ya fita. Bai yabe ni ba, shi kaɗai ne bai yabe ni ba, kuma don wannan na ƙara ganin girmansa.

Damina ta gaba yaron ya sake tari. Ba mai tsanani ba ne, amma na ɗaga rigarsa na ga kamar haƙarƙarin yana motsi. Baba da baƙinsa suna zaune a ƙofar gida. Na goya shi, na fito ta gabansu, na durƙusa na ce, "Baba, ɗana ba shi da lafiya, zan kai shi asibitin Guri." Haka na faɗa, ɗana, a gaban maza huɗu. Baba ya dubi ƙasa ya ce, "To, a dawo lafiya." A asibitin suka ce mura ce kawai, suka ba mu magani muka dawo.

Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa yaran yanzu ba a yabonsu, da an yaba sai su lalace. Matar da ta kawo 'yarta ba ta sake kawo ta ba. Ban ji haushin kowa ba. Rana ta uku na dafa wa Inna kunun tsamiya yadda take so, na kai mata har ɗaki, ta karɓa.

Yaron yana gudu yanzu, amma yana riga sa'o'insa gajiya. Sai ya tsaya ya dafa gwiwa, su kuma su wuce. Na tambayi likita ko ciwon nan ne ya bar masa wannan, ya auna shi ya ce huhunsa ƙalau, wasu yaran haka suke. Na ce to, na gode. Duk da haka in ya tsaya ya dafa gwiwa, ina ajiye abin da ke hannuna, ko wa ke tsakar gidan, in je in durƙusa a gabansa har numfashin ya daidaita.